Ma'aunin Albarushin Kawu

A shekarar da na gama jami'a na dawo Matameye, aka tsinci gawar wani makiyayi a hanyar Dawce da harbi a ƙirji, ga kuma kwanson harsashi guda a gefenta. Jandarma suka kira kawuna, wanda maharbi ne, domin an san sun taɓa sa-in-sa da mamacin a kan ɓarnar gero. Ni aka nema in yi tafinta, tun da Kawu ba ya jin Faransanci.

Bayan la'asar, a majalisar ƙofar gidanmu, kowa ya zama masani. Wani Alhaji mai zuwa cin rani Kano ya ce, "Bindigar toka gare shi, ta baki ake ɗura ta. Yaushe ta fara tofar da kwanso?" Malamin unguwa ya ce ai mutum yana iya aron wata. Alhaji ya ce, "Haba Malam, kai da ko gwafa ba ka taɓa harbawa ba!"

Hujjar Alhaji daidai ce, amma ba cikakkiya ba ce. Maharban wajenmu sukan tsinci tsohon kwanso su mai da shi ma'aunin albarushi, kuma na san Kawu yana da irinsa a burgaminsa. Idan nasa ne ya faɗi a wurin, maganar da za ta wanke shi ita ce za ta ɗaure shi.

Washegari a gaban kwamandan jandarma na fassara maganar Kawu cewa bindigarsa ba ta barin kwanso. Sannan na juya na ce, "Kawu, zan ambaci ma'auni."

Ya dube ni ya ce, "To me kake jira, ɗana? A buɗe burgamin."

Kwanson yana nan, ɗaure da igiyar fata, ya yi baƙi ƙirin. Ba zan ce shi kaɗai ya fid da Kawu ba, domin likita ma ya shaida cewa harsashi ɗaya ya ciro, ba guntayen ƙarfen da ake ɗura wa bindigar toka ba. Aka sallame shi da azahar.

A hanyar gida ya ce, "Da ka san ba ya ciki fa?"

Na ce, "Da na faɗa duk da haka, ina jin."

"Kana jin," in ji shi, ya miƙo mini burgamin in riƙe.