Guɗar Inna a Gidan Rasuwa

Muna zaune wurin ta'aziyya a Taloka, mata cike da tsakar gida, sai kawai Inna ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.

Wallahi sai da gabana ya faɗi. Yaron maƙwabciyarmu Hajo ne ya rasu, ga ta nan zaune tana kuka.

Inna mahaifiyata ce. Ita ce mai guɗar bikin unguwarmu, kuma da can ita ke fara zuwa rarrashin wanda aka yi wa rashi. Tun da ciwon mantuwa ya kama ta, in ta ga taro ba ta rarrabe kuka da murna.

Na riƙo hannunta ina hawaye. "Inna, rasuwa anka yi. Tashi mu tahi gida."

Ta dubi fuskata ta yi murmushi. "To ke mi ya ba ki dariya haka har da hawaye? Ina amaryar?"

Sai na ji wata mata a bayana tana raɗa: "Kun gani ko? Murna takai. Yaron ga ba mutuwar Allah da Annabi ya yi ba."

Nan tsoro na gaske ya kama ni. Na san inda irin wannan magana ke ƙarewa: yau raɗa, gobe a ce mayya ce.

Tun ranar ko zaure ta nufa ina biye da ita.

Jama'a, ku ba ni shawara. Wadda ba ta gane kukan ɗiyarta ba, yaya za ta gane fuskar mai shirin jifanta?