Golmon da Ladi Ta Yi wa Kanta

Babanmu soja ne, kullum yana bariki mai nisa, shi ya sa muka tashi a Dabai wurin mahaifiyarsa, Kaka. Da an ci tuwon yamma sai ta gyara itace a murhu, ta binne gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take kira maigidanta saboda wasan jika, kuma ni ta fi ƙona wa rai, don tatsuniyar da na fi so ita ce wadda ba ta taɓa ƙarasawa ba.

"Ku matsa mata, ga ta nan tafe," haka take buɗewa. Mu ce ta iso.

Wai akwai wani saurayi Tanko, mai daɗin murya da ban dariya, da yake son wata yarinya Ladi. A wurinmu saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato ya yi shekaru yana noma gonar surukinsa. To Tanko bai iya huɗa ba ko kaɗan. Kunyoyin da yake tayarwa a karkace suke kamar sawun maciji. Ladi ta san idan ubanta ya gani zai kore shi, sai ta riƙa sammako da garma tana gyarawa kafin tsohon ya iso. Da fari don Tanko take yi. Daga baya ta lura ba ta jin daɗin komai kamar ta ga dawar da ta shuka ta fi ta tsawo. Da wa'adi ya cika, uban ya tara dangi ya ce bai taɓa ganin manomi irin Tanko ba, ga Ladi ya ba shi. Ladi ta miƙe tsaye gaban kowa, ta buɗe baki.

A nan Kaka take tsayawa. Ta tono gyaɗarta, ta hura, ta hau ɓarewa.

"Kaka, ta aure shi?"

"Maigida, wuta ta mutu. Ku tashi."

Wutar kuwa tana ci bal-bal! Na yi magiya, na yi kuka, na taɓa yin fushi da gyaɗar ma, amma ko gezau. Duk lokacin da ta sake ba mu labarin, tambayar nan muke yi, ita kuma ta kore mu.

Yanzu ni da abokaina muna shirya ƙananan finafinai a Zuru, irin na soyayya da barkwanci da rikicin dangi, waɗanda ake kallo a waya. Na daɗe ina son in yi labarin Ladi. Wani mai shagon kayan babur a unguwar Rikoto ya yarda ya ɗauki nauyi, aka samu 'yan wasa, aka ari gona, damina tana tafiya, ni kuma ba ni da ƙarshen labari. Dawa ba ta jiran marubuci. Idan aka girbe ta, fim ɗin ya tashi sai baɗi, kuma mai shagon ya ce ba zai jira ba.

Na hau babur na je Dabai. Kaka ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma bakin yana nan.

"Kaka, don Allah yau dai ki gaya mini. Ta aure shi?"

Ta ja tsaki. "Wanga maigida nawa, gemu ya fito hankali bai fito ba. Kai da uwayenka duk ɗaya kuke. Ta aure shi, ta aure shi! Mi ya dame ni da auren? Aure kowa na yi."

Raina ya ɓaci, na ce to me take so a tambaya. Ta hau murza tafin hannunta, wanda ya yi kanta kamar fatar ganga. Ina kallon hannun sai tambayar ta zo da kanta.

"Gonar fa? Wa ya ci gaba da noma ta?"

Ta yi dariya har da tari. Ta ce Ladi ta gaya wa ubanta ita ta yi golmon nan da hannunta, don haka ba a bashe ta ba, ita ta biya. Ta nemi a yanka mata gona tata ta kanta. "Anka yi ta faɗa, anka yi ta kuka, daga baya sunka ba ta. Tanko kuma ta ce ya zo in yana so, ya riƙa kawo ruwa yana yi mata waƙa."

Sai na tuna gonar da ke gindin dutse, wadda duk Dabai suke kira da sunan Kaka, ba da sunan kakanmu namiji ba. Na tuna kuma marigayin, ba a taɓa ganinsa da garma ba, amma babu bikin da ake yi ba muryarsa. Ban tambaye ta ko ita ce Ladin ba.

Mun ɗauki fim ɗin kafin girbi. Da mai shagon ya kalla, ya ce a yanke wurin rabon gonar, wai yana jan lokaci, mutane biki suke so su gani. Na yi gardama har muryata ta dushe, amma kuɗinsa ne. Aka rufe da amarya da kiɗa.

Har yau abin yana ci mini rai. A da na ɗauka Kaka rowar labari take yi. Ashe jira take yi wani a cikinmu ya damu da abin da Ladi ta gano game da kanta, mu kuwa biki kawai muke nema. Da aka kunna mata fim ɗin a waya, ta saurara har ƙarshe, sannan ta miƙo mini wayar.

"Maigida," ta ce, "kai ma a nan ka tsaya?"