Ƙuri'ar Malama Rifkatu

Har gobe ba zan manta da ranar da aka kaɗa ƙuri'a a ɗakin malamai ba, a kwalejin da nake koyar da tarihi kusa da unguwar Ladywood, a ƙasar waje inda nake zaune. A makon ina koyar da zaɓen majalisar Faransa na 1877. A zamanin, mutum yakan miƙa wa magajin gari takardarsa a ninke, shi ya jefa a akwati, kuma da yake kowane ɗan takara da irin takardarsa, daga kaurinta yana iya gane wanda ka zaɓa. Gwamnati ta matsa wa jama'a, amma 'yan adawa suka ci, sannan suka bi ma'aikatan da suka yi mata aiki da kora.

Shugabar kwalejinmu tana son haɗe sashenmu da wani, ta ce a yi ƙuri'ar sirri. Sai ga sakatariyarta da katin "eh" mai kauri, "a'a" kuma a falle mara kauri, wai a ninke a ba ta a hannu. Nan take jikina ya ba ni.

Malama Rifkatu 'yar Kafanchan ce, aikinta na shekara ɗaya ne, kuma bizarta a kansa take rataye. Ta matso kusa da ni.

"Malam Sani, contract ɗina zai ƙare July. In na ce no, sakatariyar za ta gane?"

"Za ta gane, ƙanwata," na ce.

Ta miƙa mai kaurin.

"A'a" ta yi rinjaye. Shugabar ta ajiye aiki, mataimakinta da ya jagoranci adawa ya hau kujerar. Abokina ne, muna shan shayi tare. Ya kira ni ofis.

"Kai ne kusa da Rifkatu. Wanne ta bayar?"

Na ce ban gani ba. Ya yi murmushi, ya kalli ƙofar sakatariya.

Ba a sabunta aikin Rifkatu ba. An ce matsalar kasafi ce. Ba ni da hujja, amma ban yarda ba, kuma abin yana ci mini rai har yau. Ni na kai ta filin jirgi da 'ya'yanta biyu.

Shi ya sa nake gaya wa sababbin malamai, kafin ku damu da wanda zai ci, ku duba hannun da zai karɓi takardarku. Sakatariyar tana nan a kujerarta, kullum da safe muna gaisawa.