Numfashin da Baba Ƙaho Ya Ara wa Fiyano

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a ɗakunan taron garin ya san Baba Ƙaho, ko da bai san sunansa na yanka ba. Dogo ne siriri, leɓensa na ƙasa ya yi kanta saboda bakin saksafon, ƙahon nan na tagulla mai lanƙwasa da ya rataya a wuya tun yana saurayi. Ranakun aiki yana masaƙa yana shaƙar ƙurar auduga, Asabar kuwa yana kan dandamali. Bai tara komai ba. Ɗaki biyu, mata mai haƙuri, sai akwatin ƙaho wanda ko ita ba ta isa ta ɗora kwano a kai ba. In ka tambaye shi sana'arsa, ba ya ambaton masaƙa. Shi mabushi ne, magana ta ƙare.

Ƙurar nan ce ta cinye masa ƙirji. Layin waƙar da yake ja da numfashi ɗaya a da, yanzu sai ya daddatsa shi. Shugaban ƙungiyarsu, wani mai tumbi da zobba, ya lura da haka. Sai ya sayo fiyano na lantarki, irin wanda ganga da jita da ƙaho duk suna cikinsa, ya ɗora ɗan ƙanwar Baba a kai, wani magidanci da ake ce wa Yatsu.

Fiyanon ya iya komai ban da saksafon. Yatsu na dannawa sai ka rantse motar haya ce ke neman fasinja. Da dariyar abokan kiɗa ta ishe shi, ya sungumi abinsa wata Lahadi da hantsi ya kai ɗakin kawunsa.

"Kawu, abin nan ya gagare ni. Ina nake kuskure?"

Da mai wayo ne da ya ce bai sani ba. Baba kuwa, Allah sarki, daɗi ya ji an tambaye shi. Ya ture tabarma, ya sa aka ɗora fiyanon a kan gado.

"Ɗage sauran yatsun nan," ya ce. "Baki nawa ƙaho yake da shi? Ɗaya. To murya ɗaya zai fitar a lokaci guda."

Ya nuna masa 'yar tayar da ke gefen hagu, wadda ke lanƙwasa sauti. Kada ya faɗo wa murya daga sama kamar guduma, ya lallaɓo mata ta ƙasa ya hau. Rawar murya kuma a wutsiya take zuwa, ba a kai ba. Yatsu ya yi, abin ya fara kama hanya, amma Baba ya girgiza kai.

"Har yanzu ƙarya yake yi. Injinka ba ya gajiya, mutum kuwa yana gajiya. Kawo hannunka."

Ya kama tafin hagun ɗan ƙanwarsa ya ɗora a ƙirjinsa, ya sa ƙaho a baki. "Duk inda ka ji na ja iska, ka ɗage hannun dama." Haka suka yi ta yi Lahadi bayan Lahadi, har Yatsu ya gano wani maɓalli mai fitar da hucin iska kafin sauti. Bai koyi numfashin mabushi kawai ba. Na kawunsa ya kwashe kaf, gajere, mai tsayawa inda ciwo ya tsayar da shi.

Ranar da shugaba ya ji, ya juya baya ya sa su busa ɗaya bayan ɗaya, ya kasa bambancewa. Ya dafa kafaɗar tsohon.

"Baba, ka hutar da ƙirjinka haka. Sai dai mutane suna son su ga ƙaho." Ya miƙa hannu ya zare ɗan siririn karan da ke bakin saksafon, wanda in babu shi ko kukan sauro ba za a ji ba, ya jefa aljihu. "Ka tsaya a wurinka, ka riƙa motsa yatsu."

Baba ya dubi Yatsu. Yatsu ya duƙufa yana gyara wata waya da babu abin da ya same ta. Zuciyar tsohon ta ce ya ɗauki akwatinsa ya fita. To ya fita ya zama wa? Ya haɗiye, ya ce to.

An yi makonni asiri a rufe. Sai wata Asabar da la'asar, ango da amarya suna tsakiyar fili suna taka waƙa mai sanyi, tari ya sarƙe Baba. Ya danne, ya danne, ya kasa. Ya sauke ƙahon, ya dafa gwiwa, yana tari kamar ransa zai fita. Saksafon kuwa bai fasa ba. Yana ta rera abinsa daga lasifika, har da ɗan tsayawar nan da hucin jan iska, nasa, na ƙirjinsa. Wata mata ta nuna shi da cokali, tebur ɗaya ya kwashe da dariya, sai ɗakin gaba ɗaya. Har amarya ta rufe baki da mayafi. Yatsu ya ga komai, kuma ya kai waƙar ƙarshenta.

A bayan dandamali Baba ya zauna kan akwatinsa, kunya ta hana shi ɗaga kai, yana jiran kora. Shugaba ya shigo yana share hawayen dariya.

"Wallahi Baba ka iya. Mutum biyu sun ɗauke mu aiki saboda wannan. Mako mai zuwa ka sake, a daidai wurin nan."

"Kawu, a baiti na biyu ne," Yatsu ya ƙara a hankali. "Zan ɗaga maka kai."

A gida matarsa ta tambaye shi yadda aka tashi. Ya ce mata jama'a sun ji daɗi ƙwarai.

Asabar ta zagayo, aka shiga baiti na biyu, Yatsu ya ɗaga kai. Ƙirjin Baba lafiya lau ranar, tarin ya ƙi zuwa. Ya sauke ƙahon, ya dafa gwiwa, ya ƙirƙiro shi.