Wasali Ɗaya Ya Kai Baba Gidan Yari

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar mahaifina, Iliya Mai Fito. Na san yadda ake rubuta irin wannan shafi a jarida: a yabi mamaci, a ce an yi rashi, a ce har yau hawaye bai bushe ba. Ni ban yi kuka ranar ba, ban kuma yi bayanta ba. Abin da nake ji game da Baba kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta ne, na san tana nan, amma in na taɓa ba na jin komai. Don haka kada mai karatu ya jira kuka a wurina. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Akwai wani dattijo a ƙauyenmu, maƙwabcinmu Malam Bukar, wanda tun rasuwar Baba ba wanda ya gaishe shi daga gidanmu, wai shi ya kai ƙarar Baba. Ba shi ba ne. Tun ranar farko na san ba shi ba ne, na yi shiru.

Ƙauyenmu yana hayin kogi, kudu da Haɗejiya. In damina ta kankama, ruwa kan kewaye mu kamar tuwo a tsakiyar miya. Baba shi ke fito a mashiginmu. Mai zuwa kasuwar Haɗejiya, da mai son kama jirgin ƙasa a Malam Madori, duk sai sun shiga kwalekwalensa. Kirista ne, kuma gidanmu kaɗai ne gidan Kirista a ƙauyen. Yana saurayi ya tafi leburancin hanyar jirgi, ciwon ido ya kama shi, aka yi masa magani a wani asibitin mishan, ya dawo da idonsa biyu da sabon addini. 'Yan'uwansa sun yi fushi har suka gaji, don mutum ba ya daɗewa yana gaba da wanda zai ƙetare da shi kogi.

Kowace Lahadi da hantsi, mutum biyar ko shida, baƙi masu aiki a gari, sukan ƙetaro su yi sujada a zaurenmu. A ƙarshe mukan haɗa baki mu yi addu'ar da kowane ɗan Kirista ya sani, wadda a cikinta ake ce wa Allah, "Mulkinka shi zo." Danga ɗaya ce tsakaninmu da Malam Bukar, masunci, mutumin da kakanninsa suka zo daga gabas. Shekara da shekaru yana jin addu'ar nan yana ɗinkin komarsa, bai taɓa cewa uffan ba. Abin da kawai yakan yi, in an tashi, ya ɗaga murya ta kan danga ya ce, "Iliya, kun gama? To a sa mu a ciki."

Ina shekara goma sha biyar na dawo hutu daga makarantar 'yan mata a Kano, kaina ya yi girma da boko. Lokacin siyasa ta fara zafi. Wanda aka kama yana lacca ba famit, gidan yari ne. A ƙauye kuwa kalmar "mulkin kai" ƙasa-ƙasa ake faɗinta, sai an waiwaya. Wata safiya muna wanki a bakin kogi, 'yan mata suka taso ni.

"Ke Kulu 'yar boko," in ji wata, "ran da Turawanku suka tattara za su tafi, a akwati za su sa ku ko a aljihu?"

Ni ba na barin magana ta kwana. Na ce, "Turawan wa? Mu da muka riga ku roƙon su tafi! Ku zo gidanmu ran Lahadi ku ji. Baki ɗaya muke cewa, mulkin kai shi zo!"

Suka kwashe da dariya. Daɗi ya kama ni, na ɗaga hannu da kumfar sabulu na sake faɗa. Wasali ɗaya na ƙara a kan addu'ar, shi ke nan. A cikin masu wankin akwai amaryar wani ɗan doka. Ba na ganin laifinta, ita ma labarin ban dariya ta kai gida. Magana zarar bunu ce, in ji mutane. Na san karin maganar tun kafin ranar, har na taɓa cin maki da ita a aji.

Kwana uku bayan haka aka kira Baba zauren dagaci, wai yana tara baƙi kowane mako suna laccar mulkin kai. Rabin ƙauye ya taru a ƙofa, ni ma ina can baya, na ji komai. Dagacin ba ya son abin ya yi nisa. Ya ce, "Iliya, rantse kawai ba ka cikin wata jam'iyya, ka tafi. Mutane na jiranka a mashigi."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ba na ciki. Na faɗa. In na rantse yau, gobe in na ce ruwa ya yi ƙarfi kada a shiga, sai an sa ni rantsuwa kafin a yarda."

Wani baƙo da aka aiko daga gari ya sa baki. Ya tambaya ko gaskiya ne suna roƙon wani mulki ya zo. Baba ya ce gaskiya ne, na Allah. Mutumin ya ce to na yanzu fa? Baba ya ce, "Na yanzu zai wuce. Wanda zai gaje shi ma zai wuce." A nan ya ɗaure kansa. Aka ce ya faɗi sunayen masu zuwa. Ya san in ya faɗa za su rasa aikinsu, sai ya ce, "Baƙina ne. Ba na ba da baƙo." Aka sa masa igiya. Da yake ba wani mai fito, shi ya tuƙa kwalekwalen da aka ƙetare da shi, an kwance masa hannu a wannan gaɓa, an sake ɗaurewa a waccan. Wata uku ya yi a gidan yari. Ya dawo da tari.

Ina tsaye a wurin nan duka. Taku goma ne tsakanina da ƙofar zauren. Da na shiga na ce wasa ne, ni na yi shi a wurin wanki, wataƙila da an yi dariya an zane ni an watse. Wataƙila kuma da ba a saurare ni ba. Ban gwada ba, don haka ban sani ba. Ni da ba na iya riƙe bakina minti ɗaya, ranar na riƙe shi.

Inna ba ta yi dogon bincike ba. Ta ce wa ke jin addu'armu in ba na bayan danga ba? Da Baba ya dawo ya ce mata ba Bukar ba ne. Ta ce to wane ne? Ya yi shiru. Ƙarya ba ya yi, ni kuma ba zai miƙa ni ba, sai shirun. Inna ta ɗauka irin halinsa ne na rufa wa aboki asiri, ta ƙara ƙulla abin a ranta. Shi dai ya ci gaba da zama da Malam Bukar a gindin tsamiya kamar da. Ya ci gaba da fito. Ɗan dokan da ya ɗaure shi ya shiga kwalekwalensa ba sau ɗaya ba, Baba yakan ce masa ya matsa tsakiya kada kakinsa ya jiƙe. Wannan abu ya ba ni haushi a lokacin. Ina jin har yanzu yana ba ni, in na iya jin wani abu.

Sau ɗaya ya yi mini maganar. Hutu na gaba ya ƙare, yana ƙetarewa da ni zan kama jirgi, mu biyu kawai. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce mini Uwata. A tsakiyar kogi ya bar tuƙi, ya yi tari, ya ce, "Uwata, bakin nan naki Allah ne ya ba ki. Kada ki rufe shi saboda ni. Ki dai koya masa inda zai sauka." Ashe ya sani, 'yan fito ba abin da ba ya zuwa kunnensu. Sannan ya ce, "Maganar Bukar kuwa taki ce. Ba zan faɗa a madadinki ba, ba kuma zan sa miki rana ba." Na ce jirgi zai wuce ni. Abin da na ce ke nan. Ya ɗauki filafili ya ci gaba.

Ya rasu a daminar da ta biyo baya, ruwa ya cika ko'ina. Maƙabartar gari ba tamu ba ce, fadama kuwa duk ta nutse. Busasshiyar ƙasa ɗaya da ta rage ita ce tudun gonar Malam Bukar. Ba wanda ya roƙe shi. Ya tuge geronsa da ya fara ciki, ya zo ƙofarmu da diga a kafaɗa. Inna ta leƙo ta ce, "Ai ka riga ka haƙa masa tun yana da rai." Ya jingine digar a jikin danga ya koma gida, wasu suka haƙa. A gonarsa Baba yake kwance har yau, kuma kowace shekara yakan bar kusurwar nan ba shuka. Ina tsaye ranar ma.

Yanzu ga shi kalmar da ta kai Baba gidan yari ta zama waƙar yara. Motoci masu lasifika suna yawo har Kafin Hausa da Birniwa, kowa na ihun mulkin kai, har da waɗanda a da suke kama mutane a kanta. An ce Turawa sun kusa tafiya. Mu mata ba a ba mu ƙuri'a ba, amma an ba mu hayaniyar kyauta. A garin da nake koyarwa, in an tashi sujada ba a maganar komai sai wace jam'iyya ce za ta kare mu. Wasu sun fara sayar da kaya za su koma garuruwansu. Wani dattijo ya ce mu riƙa rage murya in mun zo wajen "Mulkinka" a addu'a, kada a sake fassara mu. Bai san da wa yake magana ba.

Nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce da wannan zamani. Ina jin ba zai ce da yawa ba. Bai taɓa ɗaukar Bature inuwarsa ba, balle tafiyarsa ta tsorata shi. Bai kuma ƙi mulkin kai ba, yakan ce gara mutum ya tuƙa jirginsa ko da zai sha ruwa. Abin da bai yarda da shi ba shi ne a ce wani mulki na duniya ya isa ya sa mutum ƙarya, ko ya sa ya sayar da maƙwabci don ya tsira. Da yana nan da ya zuba 'yan jam'iyyun nan duka a kwalekwale ɗaya, don ya sha faɗa cewa bai taɓa ganin an yi dambe a tsakiyar kogi ba. Murya kuwa ba zai rage ba, ba kuma zai ƙara ba. Shi Mulkin Allah a wurinsa ba abin jira ba ne kamar jirgin Kano. Yana zaune a cikinsa tun lokacin, yana bin dokokinsa a ƙauyen da ba wanda ya san an kafa shi.

Ban ce na yarda da duk abin da ya yi ba. Kalma ɗaya ta rantsuwa a kan gaskiya, da yanzu wataƙila yana raye. Gaskiyarsa ta yi wa Inna tsada, ta bar ta da takaba da ƙiyayyar da ba ta da tushe. Shirunsa a kaina kuma Malam Bukar ne ya biya shi. Na sha juya wannan a raina, ina so in same shi da laifi ko nawa ya ragu. Bai ragu ba. Shi ya faɗi iyakar abin da yake nasa ne ya faɗa. Sauran ya bar mini, yana zaton ɗiyarsa za ta yi sauri, tunda a komai ma gaggawa gare ta.

Me ya rage na Iliya Mai Fito? Kwalekwalen ya ruɓe. Hoto bai taɓa ɗauka ba. Masu zuwa Lahadi sun watse, an yi musu canjin wurin aiki, ba wanda ya rasa aikinsa a cikinsu, wasu ma ba su san abin da aka biya ba. A mashigi an ce har yanzu in gardama ta tashi kan ko ruwa zai ƙetaru, tsofaffi kan ce da Iliya ne da an huta, a'arsa a'a ce. Sai kuma aikin da ya bar mini, wanda bai ruɓe ba, bai kuma yi sauƙi ba don an daɗe.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jama'ar ƙauyenmu, ba Malam Bukar ya kai ƙarar Baba ba. Ba wanda ya kai ƙara. Ni Hauwa 'yar Iliya, ni na yi wasa da addu'a a wurin wanki don a yi mini dariya. Inna, na san za a karanta miki wannan kafin in iso. Ni ce. Abin da kika faɗa wa mutumin nan ranar jana'iza, ni ya kamata ki faɗa wa, kuma kina da damar faɗa.

Malam Bukar ba ya karatun boko, ba kuma zan bari ya ji a bakin 'yan kasuwa ba tare da ya ji a nawa ba. Na nemi izinin kwana biyu a makaranta. Ran Juma'a zan sauka a tasha, in ƙetare, in wuce ƙofar gidanmu ban shiga ba. Zan tsaya a ƙofarsa in yi sallama, in karanta masa takardar nan daga farko har ƙarshe, da ƙarfi, yadda na bayan danga ma za su ji. Ban san ko zan ji wani abu a raina ba, ba kuma don haka zan je ba. In ya ce in shigo, in shiga. In bai ce ba, ya yi daidai.