Ƙwaryar Yashin da Iya Ta Tsallake

A gidanmu ba a cewa babu. Idan gishiri ya ƙare sai a ce yana hanya. Idan hannu ya fara taɓo ƙasan rumbu sai a ce rumbu yana jiran baƙi. Dokar Iya ce, mahaifiyar Babanmu, kuma duk wanda ya kuskura ya saki mummunar magana a gabanta sai ya tofar da yawu sau uku. Ni Saude na fi kowa tofarwa, don tun ina ƙarama bakina ba shi da linzami.

Ƙauyenmu yana bayan Bici, inda gona ke manne da gona, in damina ta yi nisa dawa ta rufe gidaje sai hayaƙi kawai za ka hango. Da an idar da magariba Iya takan hura wuta a rumfar ƙofar ɗakinta, ta ɗora ɗanyen ganyen darbejiya don hayaƙin ya kori sauro, ta jera masara a gefen garwashi. Mukan kewaye ta, ni da 'ya'yan Kawu Sale, ƙanen Baba. Ina da shekara tara lokacin. Ƙanena Habu bai cika uku ba, kuma bayana ne shimfiɗarsa, don Inna, mahaifiyarmu, aiki ya yi mata yawa. Iya takan kira shi angona, ni kuma ƙawata, ko uwar surutu in na ishe ta.

Kafin a ba mu tatsuniya sai mun yi mata aiki. Takan ce mu runtse ido, sannan ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta tambayi abin da kowa ya gani. Ba ta karɓar amsar ganganci. In ka ce ka ga rumbu ya cika, sai ta ce, “Da me? Gero ko dawa? Wa ya hau sama yana karɓar dami? Wace riga ce a jikinsa?” Sai ka ga abin sosai, har ka ji ƙaiƙayi a wuyanka, sannan ta ce mu yi salati, mu tofa a tafin hannu mu shafa. Takan ce wanda bai san kamannin abin da yake roƙo ba, ko an miƙo masa ba zai gane shi ba, kuma Allah yana ba bawa gwargwadon zaton da ya yi masa. Ban taɓa shakka ba. Akuyar Inna ta taɓa ɓata kwana huɗu, muka gan ta da ido rufe tana shigowa ta zaure, ran na biyar kuwa ta zauren ta shigo.

Iya tana da tata hanyar buɗe tatsuniya. Takan ce, “Ga ta nan tafe, ba ta da ƙafa,” mu kuma mu ce, “Ta iso mu ba ta tabarma.” Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta rijiya.

Wai an yi wani gari da ruwan sama ya ƙi sauka shekara biyu, rijiyoyi suka ƙafe, mutane suka fara ɗaure kaya. Akwai wasu mata biyu maƙwabtan juna, kowacce da rijiya a tsakar gidanta. Ta farko kullum sai ta leƙa tata ta ce, “Ke kam kin mutu.” Rijiya tana ji, ran nan ta rufta. Ta biyu kuwa kowace safiya sai ta goge tulunta ta ajiye a bakin rijiya, ta rufe ido har sai ta ji sanyin ruwa a tafin hannunta, ta ce, “Sannu da zuwa,” sannan ta zura guga. Guga ya fito a bushe, 'yan gari su yi ta dariya, gobe ta sake. Ran kwana na arba'in igiya ta yi nauyi a hannunta, garin duka ya sha, masu ɗaure kaya suka kwance. A nan Iya takan nuna ni da kara ta ce, “Kin ji ko, uwar surutu? Baki shuka yake yi.”

A daminar da nake ba da labari, Iya ta ware ɗan wuri a gayaunarta, wato 'yar gonar da take nomawa da kanta a bayan gida, ta shuka gyaɗa da sunan Habu. Baba yana kasuwar Dawanau yana dakon buhuna don hatsin gida ya kai mu kaka, sai bayan mako biyu yake leƙowa. Waya ba ta shigo ƙauyenmu ba tukuna. Ana tsakiyar marka, ruwa ba dare ba rana, zazzaɓi ya kama Habu ranar wata Talata.

Iya ba ta zauna ba, wannan ba zan ɗauke mata ba. Ta yi masa jiƙo, ta yi masa turare, ta karɓo rubutu wajen liman. Amma ni nake goya shi, ni na san abin da bayana yake gaya mini. Ran Alhamis ya daina kuka. Kansa ya riƙa langaɓewa gefe, tafin hannunsa ya yi fari fat, in na ba shi koko sai ya dawo ta gefen baki.

Da magaribar ranar Iya ta hura wuta kamar kullum, ta ce, “Yau abu ɗaya za mu gani. Ku runtse ido ku ga angona a gayauna ranar cirar gyaɗa, bakinsa duk ƙasa, yana ɓare ɗanya yana ci.” 'Ya'yan Kawu suka ce sun gan shi, har ɗaya ta ce da jar hula. Ni na matse idona iya ƙarfina. Na ga gyaɗar, kore shar, na ga kwando, na ga Iya a sunkuye. Habu ne kawai babu. Tsoro ya kama ni, maganar ta fito kafin in tare ta.

“Iya, ban gan shi ba. Ni gani nake Habu mutuwa zai yi.”

Da bayan hannu ta buge mini baki. Ba ta taɓa dukana ba sai ranar. “Tofar,” in ji ta. “Tofar da shi, mai mugun baki.” Na tofar sau uku, na ukun da jini. Inna tana tsaye a ƙofar ɗakin girki da ludayi a hannu, ta sunkuyar da kai. Ba ta isa ta ɗaga murya a kan ta surukarta ba, haka aka tarbiyyantar da ita.

Washegari Juma'a Kawu Sale zai kai wake Dawanau. Ya shigo sallama, ya durƙusa ya ce, “Iya, me zan gaya wa Yaya? Ya jikin yaron?”

“Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ka ce ya kwantar da hankalinsa.”

Ya juya wajen Inna, ta ce da sauƙi, da ƙyar aka ji ta. Sai ya zo inda nake, ya kama ƙafar Habu da ta leƙo ta ƙasan zane, ya ɗan riƙe ta, ya dube ni. Ina ganin ya ji wani abu, jira kawai yake wani ya faɗa masa. Ya ce, “Saude, ke kike goyonsa. Ya ya kwana?” Leɓena yana nan a kumbure, Iya kuma tana kallona. Na ce, “Da sauƙi, Kawu.”

Kowa ya san in an tambayi jikin marar lafiya haka ake amsawa, ko da ana jiƙa masa leɓe da ruwa ne. Amma da na faɗi gaskiya, Baba zai iso kafin la'asar, kuma shi ba ya neman izinin kowa kafin ya ɗauki ɗansa.

Ran Asabar da hantsi Habu ya sanƙare a bayana, idonsa ya kafe. Sai a sannan aka ruga aka nemo mai babur, Inna ta rungume shi zuwa asibiti a Bici. Aka ce jininsa ya ƙare, sai an ƙara masa. Wata ma'aikaciya ta ce wa Inna, ba da faɗa ba, “Da shekaranjiya kuka kawo shi.” Ana cikin neman wanda zai ba da jini rai ya yi halinsa. Baba ya iso an riga an yi wa Habu sutura. Bai yi kuka a gabanmu ba. Ya tsaya a tsakar gida ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Ba an ce mini da sauƙi ba?”

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kakar shekarar ta yi kyau. Rumbu ya cika kamar yadda muka gani, Kawu ne a sama yana karɓar dami. Gyaɗar Habu ta yi 'ya'ya fiye da ta kowa. Iya ta cire ta ita kaɗai, ta dafa ta rabar wa yaran unguwa sadaka, ko ƙwaya ba ta kai bakinta ba. Wuta kuwa ba ta ƙara huruwa a rumfar nan ba har aka gama shigar da amfanin gona.

Wata magariba Iya ta hura wutar, ta kira ni ni kaɗai. Ba ta ce in runtse ido ba, ba ta ce ga ta nan tafe ba. Ta fara labarin rijiya kai tsaye, tana kallon garwashi, har ta zo inda guga ke fitowa a bushe, sai ta tsaya.

“Ƙawata, akwai wurin da nake tsallakewa. Matar nan in guga ya fito a bushe, ba komawa ɗaki take yi ba. Ɗaura ɗamara take yi ta sauka cikin rijiyar, ta kwaso yashi ƙwarya ɗaya ta zubar. Kullum ƙwarya ɗaya, har kwana arba'in. Kuma ai sai da ta yarda rijiyar a bushe take sannan ta sauka.” Ta tura itace cikin wutar. “Uwata da yashin ta ba ni labarin. Ni ce na ga ya fi daɗi babu shi.”

Ta miƙo hannu ta shafi leɓena da babban yatsa, daidai inda ta fasa. Manya ba sa ba yaro haƙuri, wannan shi ne nata.

Na yi shekaru ina jin haushinta, ba zan ɓoye ba. Nakan ce babu da gangan, da ƙarfi, don ta ji. Sai bayan rasuwarta Inna ta gaya mini Iya ta haifi tara ta binne biyar, a zamanin da ba babur, ba asibitin da ƙafa za ta kai ka. Abin da ya rage mata shi ne ta rufe ido ta ga ɗanta a raye, don ta iya tashi da safe ta ɗora tukunya. Da wannan ta rayu, shi ta ba mu gado, kuma shi ya rufe mana baki ranar da ya kamata mu buɗe.

Yanzu ina aure a Minjibir da 'ya'ya uku. Nakan sa su runtse ido su ga abin da suke roƙo, har in tambaye su wace riga ce a jiki, don ban ga laifin kyautata wa Allah zato ba. Amma tatsuniyar rijiya da yashinta nake ba su, kuma a ɗakina an yarda yaro ya ce bai gani ba. Daminar bara zazzaɓi ya kama 'yar autata. Surukata ta leƙo ta ce ya jiki, na ce, “Babu sauƙi, Hajiya, asibiti za mu.” Ta ce in tofar da yawu. Na tofar don girmanta, ina tofarwa ina ɗaura goyo. A kan babur na rufe ido na ga yarinyar tana tsalle a tsakar gida, kuma Allah Ya sa ta tashi.

Wani lokacin in yara sun yi barci da wuri, nakan zauna bayan magariba in gwada wanda na kasa tun ina shekara tara. Gyaɗar tana zuwa, kore shar, da kwandon, da Iya a sunkuye. Shekara ashirin da wani abu ke nan ina dubawa, har yau ban ga Habu a gayaunar nan ba.