Farar Motar da Aka Ja a Ƙonni

Muna sallame sallar asuba muka bar Dogarawa, ni da taubashina, wani tsohon direba. Ruwa ya kwana yana sauka, gero ya kai tsawon mutum, ko'ina ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Taksin daji muka shiga, mu huɗu a kujerar mutum uku, sefa jikka da rabi kowa. Na daɗe rabona da motar haya. Shekara ashirin da biyu ina tuƙa wata farar mota, sai kwana biyu kafin wannan tafiya na ajiye ta bakin kasuwar Ƙonni, na shiga sayen gishirin dabbobi, na fito na tarar da inuwar itacen bedi wayam. Mai shayin wurin ya ce an ja ta zuwa furiyar, inda ake tsare motocin da suka saɓa doka.

A Malbaza manyan motocin siminti sun yi layi, direbobi na shan shayi a gefensu. Ganyen itatuwan garin ko ruwan sama bai gama wanke farin da ke kansu ba. A nan ƙanena marigayi ya yi aiki. Na juyar da kai ina kallon gonaki har muka wuce.

Ƙonni kuwa ta riga mu tashi: ƴan kabu-kabu, masu canji riƙe da naira, mai a kwalabe yana walƙiya a rana. Furiyar wani fili ne mai katanga. Motoci sun kwanta ciki kamar garken da makiyayi ya manta da shi, ciyawa ta fito ta tagar wata, akuya na barci a kan wata. Can ƙurya na hango tawa.

Tun a hanya na shirya magana, na kuma zuba ta duka. Na ce a gindin bedin nan nake tsayawa tun ba a san da allon hana tsayawa ba. Ma'aikacin buro, wato ofishin wurin, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya nuna mini hoto a wayarsa: ga mota, ga allo daidai samanta. Taubashina ya leƙa ya ce allon ya fi malafata faɗi, in ban gan shi ba ido ya kamata a kai furiyar.

Na yarda zan biya tara, na miƙa kat giris, takardar motar. Mutumin ya karanta suna, ya dube ni, ya ce ba nawa ba ne. Na ce na ƙanena ne, ya rasu. Ya ce to ba za a saki mota ba sai magajinsa ya zo da takardar gado.

Na mayar da takardar aljihu. Ƙanena ya bar ɗiya ɗaya mai shekara shida. Ranar rabon gado na ce mota ba ta rabuwa, zan riƙe ta amana har yarinya ta girma. Da yake ni ne babba, babu wanda ya musa. Uwarta ta koma Illela da ita, tamu ta arewa, ba ta ƙetaren iyaka ba. Yarinya ta girma, ta zama malamar lakwal tana koyar da yara, ta yi aure, ta haihu, ni ko sai aiken goro da uzuri. Ban taɓa canza sunan takardar ba. Nakan ce wa kaina muddin sunansa na kai, ajiya ce nake yi.

Muka shiga wata taksin, muka kama hanyar arewa ta Tsarnawa zuwa Illela. Jajayen duwatsu, sai fadama kore shar, sai garken shanu ya tare hanya ba ya gaggawa. A Badagishiri muka sha fura da nono wurin wata Bafulatana, mai sanyi kamar daga randa. Mota na tashi gyangyaɗi ya ɗauke ni. Na ga ƙanena yana tuƙi, gwiwar hannunsa a taga yadda ya saba, ina yi masa magana ba ya juyowa, ba ya kuma fushi. Rami ne ya farkar da ni.

A Illela ɗiyar ƙanena ta karɓe mu da ruwa, ta durƙusa har ƙasa, ta kawo dambu da zogale. Niyyata in ce sa hannu kawai nake so. Da na ga yadda take karkata kai in tana saurare, irin na ubanta, sai na faɗi komai tun daga ranar rabon gado. Ta shiga ɗaki ta fito da wata takarda a naɗe cikin leda, ta yi ja don tsufa. Takardar gadon ce.

"Kafin Inna ta rasu ta ce wata rana za ka zo nemanta, Baba. Ba ta dai ce furiyar ce za ta turo ka ba."

Taubashina ya yi dariya har ya ƙware. Ni ban iya ba.

Washegari muka koma Ƙonni mu uku. Na biya tara, ma'aikacin ya tambayi wanda zai sa hannu a matsayin mai mota. Na ciro makulli daga aljihu na sa a tafinta.

"Tata ce. Tun tana shekara shida tata ce."

Ta buɗe ƙofar gaba ta sunkuya tana neman wani abu. A jikin ƙofar, can ƙasa, akwai wani karce da na sha gani, na ɗauka tsufa ne. Ta bi shi da yatsa a hankali, ta ce tsuntsu ne, da ƙusa ta zana shi ranar da ubanta ya kai ta kasuwa, bai ko yi mata faɗa ba. Na duba da kyau. Ga baki, ga fiffike.

Ba ta iya tuƙi ba, mijinta ne ya iya, don haka ni na mayar da ita Illela. A hankali na tafi, ko shanu sun tare hanya ban yi oda ba. Na tsayar da motar a ƙofar gidansu. Ta bi ni da makulli tana roƙo in ci gaba da riƙewa, wai da me zan koma. Na ce da abin da ya kawo ni jiya.

Gab da magariba muka sauka Dogarawa, ƙafata ta yi tsami don matsi. Uwargida ta leƙa waje ta tambayi mota, na ce ta isa gida.

Na fita ne don in yi gardamar allon da ban gani ba, ashe akwai sunan da nake gani kullum ina kau da kai. Ku da ke riƙe da kayan marayu da sunan ajiya, kada ku jira a ja muku shi kamar ni. Yanzu duk ranar kasuwa ina bakin hanya ina jiran taksi, taubashina kuma bai fasa tambayata ko na ga allon tasha ba.